Bitar Masu Tafiya Karatu Waje a Wani Ofishi da Ke Titin Gidan Zu: Abin da Muka Biya da Abin da Muka Samu

Babban ɗana ya sami gurbin karatun digiri na biyu a fannin injiniya a wata jami'a da ke Amurka, kuma ofishin da ya taimaka masa wajen cike takardu ya ba shi shawarar ya shiga bitar kwana biyu da suke shirya wa ɗalibai kafin su tashi. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin ba talla na zauna yi ba, kuma ire-irensa sun yi yawa a Kano yanzu, daga titin Gidan Zu zuwa titin Zariya har Nasarawa. Abin da zan faɗa zai iya zama ma'auni ga duk uban da aka miƙo masa irin wannan takarda aka ce ya biya. Kuɗin bitar naira dubu saba'in ne a kan kowane ɗalibi, sannan uba ko uwa da ke son zama a rana ta biyu zai ƙara dubu goma sha biyar. Na biya duka biyun, na kuma roƙi alfarma aka bar ni na zauna a baya tun ranar farko.

Wurin yana hawa na biyu na wani bene, ɗaki ne mai ɗaukar mutum kamar talatin, da majigi da fankoki da wutar sola wadda ba ta yanke mana ba ko sau ɗaya. Akwai wurin alwala mai tsabta da ɗan ɗakin salla na mata dabam, an kuma tsaya daidai lokacin azahar da la'asar ba tare da wani ya tuna musu ba. Abincin rana shinkafa ce da kaza, ba yabo ba fallasa. Ajiye mota ne abin wahala, domin gaban benen cike yake da masu adaidaita sahu, don haka wanda zai je gara ya sauka a bakin titi ya taka.

Ranar Asabar ta tafi ne a kan biza, da tikitin jirgi, da kayan sanyi, da buɗe asusun banki, da neman ɗakin haya, da inda ake samun naman halal da masallacin Juma'a. Matasa biyu ne suka gabatar, dukkansu sun yi karatu a waje, kuma sun san aikinsu. Sai dai mafi yawan abin da suka faɗa yana nan kyauta a shafukan jami'o'in, kuma duk yaron da ya iya nemo wa kansa gurbin karatu ya riga ya karanta shi. Da a nan bitar ta tsaya, da na ce kuɗin sun yi yawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne awa biyu na ƙarshen ranar Lahadi, waɗanda a jadawali aka rubuta su a taƙaice da sunan zama da doka. Wata lauya ce ta gabatar, haifaffiyar cikin birni, wadda ta yi shekaru tana aiki a Amurka a ofishin da ke kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, kafin ta dawo gida. Da Hausa ta yi magana daga farko har ƙarshe, tana sako kalmomin Turanci ne kawai a inda ɗalibi zai buƙaci furta su da bakinsa. Tambaya ta fara yi musu, cewa idan aka ce kowa ya faɗi ko shi wane ne, me zai ce. Wani ya ce Bahaushe, wata ta ce Bafulatana, wani ya ce Musulmi, wani ya ce ɗan Fagge, aka yi dariya. Babu wanda ya ce baƙar fata. Sai ta ce musu: "Ƙannena, daga ranar da kuka sauka, a takardar ɗan sanda gurbi ɗaya ne ku duka, har da ke da ake ce wa fara a gidanku. Ba zai tambayi asalinka ba, ba zai san mahaifinka ba, ba zai ga sakamakon jarrabawarka ba. Fatarka zai fara gani, da shekarunka." Na daɗe ina bin labaran ƙasashen nan a rediyo, amma ban taɓa tsayawa na lura cewa 'ya'yanmu sun tashi a garin da launinsu ba ya nufin komai ba, kuma wannan ni'ima ita ce ke barin su ba shiri.

Daga nan ta kawo labarin Amadu Jallo, wanda jaridun Turai ke rubuta sunansa Diallo. Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini, Musulmi, yana sayar da safa da kaset a bakin titi a birnin Niyok yana tara kuɗin shiga jami'a. A daren 4 ga Fabrairu 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx, sai 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka nufo shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro jakar kuɗinsa. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi, ya rasu nan take, ba shi da ko reza. A Fabrairun 2000 kotu a birnin Albany, inda aka mayar da shari'ar, ta wanke su duka huɗun. Shekarunsa 23, kuma shekarun ɗana ke nan a bana. Lauyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta nuna hoto ba, ta dai ce abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne jakar nan, domin duk yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ko Bafulatani zai yi abin da Amadu ya yi.

Sai ta jera kujeru biyu a gaba ta ce mota ce, ta kira ɗana ya zauna a matsayin direba, ita kuma ta zama ɗan sandan da ya tsayar da shi. Ta ce ya yi duk abin da ya saba yi. Yaron ya buɗe ƙofar da babu ita, ya fito, ya nufe ta yana ɗan rusunawa, ya sunkuyar da kai, hannunsa na dama ya riga ya shiga aljihu yana laluben lasin tun kafin a tambaye shi, bakinsa yana ta gaisuwa da ba da haƙuri. Wallahi da a kan hanyar Wudil ne, da na ce ya yi daidai, domin ni na koya masa kowane ɗaya daga cikin waɗannan. A wurinmu zama cikin mota babba yana tsaye a waje raini ne, kallon na gaba da kai cikin ido fitsara ce, miƙa takarda kafin a nema kuwa alamar mai gaskiya ce. Ta tsayar da shi ta lissafa masa kurakurai huɗu. Fitowa daga mota ba tare da an umurce shi ba, a can ana ɗaukarsa yunƙurin faɗa ko gudu. Nufo jami'in ya ƙara tsananta abin. Kawar da ido ana karanta shi a matsayin ɓoye wani abu. Hannu a aljihu kuwa, a ƙasar da fararen hula ke riƙe da bindigogi masu ɗimbin yawa, shi ne abin da ake kafa hujja da shi a kotu bayan an yi harbi. Ta ƙara da na biyar wanda bai yi ba amma ta san ana yi: kada ya kuskura ya ambaci na goro ko ya ce a sasanta, domin wannan laifi ne mai zaman kansa da za a ɗora masa.

Ta sake zaunar da shi suka maimaita sau uku. Ya kashe mota, ya sauke gilashi, idan dare ne ya kunna fitilar ciki, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Idan aka nemi lasin, ya faɗi da baki inda yake, ya nemi izini, sannan ya motsa a hankali. Ta koya musu jimloli uku na Turanci har suka zauna musu: tambayar ko an tsare shi ne ko yana iya tafiya, da sanarwar cewa bai yarda a caje shi ba amma ba zai hana ba, da sanarwar cewa zai yi shiru kuma yana son lauya. A karo na uku na ga hannun yaron ya sake zarcewa aljihu da kansa kafin ya tuna ya janye. Ban iya kallonsa ba a lokacin, domin shekara ashirin na yi ina gina wannan ladabi a jikinsa, ga shi ana ƙoƙarin kwance shi cikin minti goma don a tsirar da ransa. Wannan atisaye shi kaɗai ya biya kuɗin bitar.

Alƙaluman da ta kawo ba su da yawa, kuma ta faɗi inda kowanne ya fito, abin da na yaba ƙwarai a zamanin da kowa ke zuba lissafi a Facebook ba tare da tushe ba. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin ɗari na mutanen Amurka, amma sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na fursunonin ƙasar. Yaro baƙar fata ya fi takwaransa fari yiwuwar shiga gidan tsare yara fiye da ninki huɗu. A shekarar 2011 kaɗai 'yan sandan Niyok sun tare mutane a titi sau 685,724 ƙarƙashin tsarin tarewa da lalube, kusan tara cikin kowane goma aka sallame su ba kama ba sammaci, kuma yawan tarewar da aka yi wa samari baƙaƙe masu shekara 14 zuwa 24 a wannan shekara ya zarce yawan samari baƙaƙe masu waɗannan shekaru da ke zaune a birnin baki ɗaya. A 2013 wata alƙaliyar kotun tarayya, Shira Scheindlin, ta yanke cewa yadda ake gudanar da tsarin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A garin Ferguson, inda ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, mai shekara 18 a 2014, binciken Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kanta ya nuna a 2015 cewa baƙaƙe kashi 67 ne na mazauna garin amma su ne kashi 93 na waɗanda aka kama, kuma hukumomin garin sun mayar da tarar da ake ci hanyar cika baitulmalinsu.

Wanda ya fi shiga kaina shi ne binciken da masana na Jami'ar Stanford suka yi a kan tsayar da motoci kusan miliyan 100. Sun gano cewa kason direbobi baƙaƙe a cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa bayan duhu ya shiga, wato lokacin da jami'in ba ya iya ganin fuskar mai tuƙi daga nesa. Ga duk mai cewa ai laifinsu ne ya fi yawa shi ya sa ake tare su, wannan hujja tana da wuyar turewa, domin faɗuwar rana ba ta canja tuƙin kowa, ganin ɗan sanda kawai take canjawa. Haka nan ta ambaci tabar wiwi, wadda binciken ƙungiyar kare 'yancin fararen hula ta Amurka ya nuna a 2013 cewa baƙaƙe da farare suna shan ta kusan daidai wa daida, amma ana kama baƙaƙe a kanta kusan ninki huɗu. Ta kuma kawo dokar 1986 wadda ta sa giram ɗaya na dasƙararriyar hodar iblis, irin wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙaƙe, yake jawo hukunci daidai da giram 100 na garinta, sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18.

Rabin lokacinta na biyu ta ba da shi ga abin da ke biyo bayan kamu, kuma a nan ne aikinta na baya ya fito fili. Ta ce iyaye sun fi tsoron harbi domin shi ake nunawa a talabijin, amma abin da ya fi lalata rayuwar matasa a can shi ne takardar da ake sa su sa wa hannu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukuncin laifi a Amurka ba a gaban masu taya alƙali yanke hukunci ake samun su ba, ta hanyar ciniki ne, inda mai gabatar da ƙara zai ce ka amsa ƙaramin laifi ka tafi gida yau, ko ka musa ka jira shari'a a tsare. Ta ba da labarin Kalief Browder, wanda aka kama a 2010 yana da shekara 16 bisa zargin satar jakar goyo. An sa belinsa dala 3,000, iyalinsa ba su iya biya ba. Ya ƙi amsa laifin da ya ce bai yi ba, ya yi kusan shekara uku a kurkukun tsibirin Rikers, wajen biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, sannan aka janye tuhumar a 2013 ba tare da an taɓa yi masa shari'a ba. A watan Yunin 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Ta kuma tuna mana da yara biyar, masu shekara 14 zuwa 16, da aka ɗaure bisa harin da aka kai wa wata mata a lambun Central Park da ke Niyok a 1989, bayan an yi ta tsare su da tambayoyi har wasunsu suka amsa. A 2002 ainihin mai laifin ya fito, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar, aka soke hukuncin. Ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, an zaɓe shi ɗan majalisar birnin Niyok a 2023.

Ga ɗalibi baƙo kuwa akwai ƙarin haɗari wanda ɗan ƙasa ba shi da shi. Laifin da ɗan ƙasa zai amsa ya biya tara ya manta da shi, zai iya zama dalilin korar baƙo, kuma kamu kaɗai, tun kafin a yi shari'a, yana iya sa a soke biza. Ta ce tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake karewa idan amsa laifi zai jawo masa kora, don haka ɗalibi ya tambaya da bakinsa kafin ya sa hannu a komai. Ta kuma sanar da su cewa yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Washinton da ƙananan ofisoshi a Niyok da Atlanta. A cikin ɗalibai wajen ashirin da biyar babu ko ɗaya da ya san da wannan, ni ma ban sani ba.

Wani dattijo da ya rako 'yarsa ya ɗaga hannu ya ce: "Barista, ki yi mini afuwa, amma mu da muke da namu a gida, da wane baki za mu zagi na wasu? Ki je Kurmawa ko Goron Dutse ki ga yara nawa ke jiran shari'a shekara da shekaru." Ta amsa masa da girmamawa. Ta ce: "Alhaji, gaskiya kuka faɗa, kuma ni ma ina shiga gidajen nan biyu." Ta yarda cewa mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma zanga-zangar da matasa suka yi a Oktoban 2020 a kan rundunar SARS ta zo ne watanni kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis. Amma ta ce bambancin da ya shafi wannan ɗaki shi ne, a nan talauci da rashin gata ne ke jefa yaro, kuma duk wanda ya iya biyan kuɗin wannan bita yana da wanda zai buga wa waya. A can ba a karɓar wayar kowa, kuma abin da ake tuhuma da shi yaron ba ya iya ajiye shi a gida. Ina ganin amsar ta dace, kuma na ji daɗin da ba ta yi amfani da laifin wasu wajen wanke namu ba. Ta ƙara da cewa yawancin ɗalibai za su gama karatu su dawo ba tare da ɗan sanda ya taɓa yi musu maganar banza ba, kuma hukumomin 'yan sanda a Amurka sun kai wajen 18,000, kowace da halinta, saboda haka ba ta zo ta sa musu ƙiyayyar kowa ba ne.

Yanzu sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma laifin ofishin ne, ba na lauyar ba. An ajiye darasi mafi muhimmanci a ƙarshen rana ta biyu, bayan la'asar, lokacin da kowa ya gaji, har wasu ɗalibai uku sun riga sun tafi domin gidajensu suna da nisa. Takardar tallan bitar ba ta ambace shi ba ko da kalma ɗaya, alhali ta yi layi biyu a kan yadda ake sayen layin waya. Da na tambayi mai ofishin dalili, sai ya ce suna gudun kada iyaye su tsorata su fasa tura 'ya'yansu. Na fahimci lissafinsa na kasuwa, amma ban yarda da shi ba. Uban da ya sayar da fili ya tura ɗansa ƙetare ya cancanci a faɗa masa gaskiya tun a bakin ƙofa, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba a ɓoye maka ruwa.

Babban giɓin shi ne Ingila. Kusan rabin ɗaliban can za su tafi, amma minti goma sha biyar kacal aka ba ta, kuma lauyar ta faɗi a fili cewa ba fanninta ba ne, ta nemi ofishin ya kawo wanda ya yi aiki a can. Wasu iyaye sun tashi da zaton cewa tun da yawancin 'yan sandan Ingila ba sa ɗaukar bindiga, babu abin damuwa. Harbi ya yi ƙaranci, haka ne, amma tarewa da caje tana nan. Alƙaluman gwamnatin Birtaniya kanta sun nuna cewa a shekarar 2019 zuwa 2020 baƙar fata ya fi fari yiwuwar a tare shi a caje shi kusan ninki tara a Ingila da Wales, kuma ko a shekarun baya-bayan nan da tazarar ta ragu tana nan wajen ninki huɗu. Bayan wasu fararen matasa sun kashe wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, mai shekara 18 a tashar bas a kudancin Landan a 1993, kwamitin Macpherson, wanda ya duba yadda 'yan sanda suka binciki kisan, ya bayyana a 1999 cewa wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin rundunar 'yan sandan birnin, kuma sai a 2012 aka sami mutum biyu da laifin kisan. A 2023 rahoton Louise Casey ya sake yanke wa rundunar irin wannan hukunci. Binciken ɗan majalisa David Lammy na 2017 ya nuna baƙaƙe kashi 3 ne na jama'a amma kashi 12 na fursunoni. Ɗalibin da zai tafi can yana buƙatar sanin cewa jami'in da ya tare shi wajibi ne ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin cajen, cewa yana da damar karɓar shaidar cajen a rubuce, cewa akwai lokutan da sashe na 60 na dokar 1994 ke ba da izinin caje kowa a wani yanki ba tare da zargi ba, kuma cewa a caji ofis ana ba da lauya kyauta ga duk wanda ya nema. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka koyar yadda ya kamata.

'Yan mata ma an bar su a baya, alhali sun kai kashi ɗaya bisa uku na ɗakin. Duk misalan samari ne, kuma atisayen mota da namiji aka yi shi. Wata yarinya ta tambayi abin da za ta yi idan aka ce ta cire hijabi, aka amsa mata a gaggauce domin magariba ta gabato. Wannan tambaya tana buƙatar rabin awa ita kaɗai. A Ingila ƙa'idar aikin 'yan sanda ta tanadi cewa idan cire lulluɓi ya zama dole, a yi shi inda jama'a ba sa gani kuma a gaban mace, amma ƙa'ida a takarda ba ta hana abin da ya faru a wata makaranta a unguwar Hackney a 2020 ba, inda 'yan sanda suka tuɓe wata ɗaliba baƙar fata mai shekara 15 bisa zargin tana warin wiwi, ba tare da wani babba nata a wurin ba, kuma ba a sami komai a jikinta ba. Binciken da aka fitar a 2022 ya ce da alama launin fatarta yana cikin dalilan abin da aka yi mata. Uwar da za ta tura 'yarta ya kamata ta ji wannan daga bakin wanda ta biya.

Akwai kuma abin da na so a jaddada fiye da yadda aka yi, ko da yake lauyar ta taɓo shi. Atisayen nan yana rage haɗari ne kawai, kuma bai kamata yaro ya fita da tunanin cewa duk wanda aka harba shi ya jawo wa kansa ba. Philando Castile, baƙar fatar da ɗan sanda ya harbe a jihar Minnesota a Yulin 2016, yana zaune a motarsa ne, ya yi magana da ladabi, ya sanar da jami'in da kansa cewa yana ɗauke da bindiga, wadda yake da lasin ɗinta, kuma 'yar budurwarsa mai shekara huɗu tana kujerar baya. An taɓa tsayar da shi a hanya fiye da sau arba'in kafin wannan rana. Tamir Rice shekararsa 12, yana wasa da bindigar roba a wani fili a Cleveland a 2014, aka harbe shi cikin daƙiƙa biyu da isowar motar 'yan sanda, ba a ba shi lokacin yin daidai ko kuskure ba. Na faɗa wa ɗana a hanyarmu ta komawa gida cewa ya riƙe duk abin da aka koya masa, amma kada ya raina baƙaƙen da zai tarar a can ko ya ɗauka shi ya fi su hankali, domin wasu daga cikin 'yan Afirka da ke zuwa suna faɗawa wannan kuskure, alhali haƙƙoƙin da aka karanta masa yau kakannin waɗancan ne suka sha duka da ɗauri kafin a tabbatar musu da su.

Ba a ba mu komai a rubuce daga wannan darasi ba, duk da cewa an raba ƙasida mai shafi ashirin a kan kayan sanyi da sufuri. Lauyar ce ta ce kowa ya yago takarda ya rubuta jimlolin nan uku, da lambar ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsa, da ta ofishin jakadanci, ya kuma haddace lamba ɗaya a kai, domin waya ita ce abin da ake fara karɓewa. Na nemi ofishin ya buga wannan a ɗan kati da Hausa da Turanci, ya mayar da darasin safiyar Asabar, ya ƙara masa awa biyu, ya kawo lauyan da ya san Ingila, ya kuma daina karɓar kuɗi daga iyaye a kansa. Mai ofishin ya saurare ni da mutunci ya rubuta, ya ce za su duba.

Ga wanda ɗansa zai tafi Amurka, ina ba da shawarar ya biya, amma ya fara tambaya ko lauyar za ta zo a wannan zagaye, domin an ce mini ba kowane wata take samun dama ba, kuma idan babu ita sauran bitar ba ta kai dubu saba'in ba. Ga wanda ɗansa ko 'yarsa za su tafi Ingila, ya jira har sai an gyara wannan ɓangare, ko ya nemi wani wurin ya yi musu tambayoyin da na lissafa kafin ya ciro kuɗi. Mu dai tun daga ranar muna maimaita atisayen a motata a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ni ina tsaye a waje ina ƙwanƙwasa gilashi, shi yana ciki. Jiya ne karo na farko da hannuwansa suka zauna a kan sitiyari har na gama magana, kuma saura kwana goma sha ɗaya mu raka shi filin jirgin Malam Aminu Kano.